Kurege, Jakadan Ƙasa Biyu

Ga ta nan tafe, ku gyara zama ku tare ta. Mai gyaɗa a aljihu ya dafe aljihunsa, don labarin Kurege za a yi.

A can da, Gulbin Marke shi ne iyaka tsakanin ƙasashe biyu. Tudu na Ɓaunaye ne, sarkinsu Bangaje, wanda ba ya kewaye abu in dai zai iya bi ta kansa. Ruwa kuwa na Dorinai ne, a hannun Magajiya Tumbatsa, wadda in ta yi hamma sai kifaye su shiga neman gafarar juna. Kowa ya san nasa, ba gaisuwa, ba faɗa.

Sai wata shekara aka yi ambaliya, gulbin ya rabe biyu, ya bar tsibiri a tsakiya. Da ruwa ya janye, ciyawa ta fito a tsibirin nan kore shar, mai laushi, irin wadda ko kai da ba ka cin ciyawa sai ka tsaya ka sake dubawa. Ɓaunaye suka ce ai ƙasarsu ce ruwa ya yanka, da can nan suke kiwo. Dorinai suka ce duk abin da ruwa ya kewaye na ruwa ne. Aka fara da harara, aka koma gori daga gaɓa zuwa ruwa, har Sarki Bangaje ya rantse cewa ranar da gulbi ya sauka zuwa gwiwarsa zai haye da rundunarsa. Magajiya ta ce ya zo, tana nan, dama haƙoranta sun kwana biyu ba su motsa ba.

A duk wannan hayaniya ba wanda ya tuna ya tambayi mazaunin tsibirin, don ba wanda ya san akwai shi. Wani kurege ne, Ɗantsito, da ambaliyar ta kawo a kan kututture. Ya haƙa raminsa a tsakiyar tsibirin, kuma a duniya ba shi da komai sai ramin nan da yunwa. Ciyawar da ake shirin mutuwa a kanta ba ta yi masa amfanin komai ba. Abin da ya dame shi, in ƙato ɗari ya taso daga tudu, ƙatuwa ɗari ta taso daga ruwa, a kan rufin ɗakinsa za su haɗu. Ya zauna a bakin rami cikinsa na kuka, ya dubi tudu, ya dubi ruwa, can sai ya fara murmushi. Ya miƙe a kan ƙafafun baya ya yi wa kansa kirari, tunda ba mai yi masa:

"Ni ne Ɗantsito na bakin rami,
ƙarami a ido, babba a akushi.
Mai ƙaho ya riƙe ƙahonsa, mai haƙori ya riƙe haƙorinsa,
ni baki aka ba ni, kuma ya ishe ni."

Da gari ya waye, ya karyo ƙaya biyu farare masu tsawo, ya soka su a ɓawon goruba ya kifa a ka. Ya shafe jikinsa da gawayi, ya jiƙa wutsiya ta zama siririya. Akwai wata giginya da ta faɗi ta haɗa tsibirin da tudu, wadda ba za ta ɗauki ko ɗan maraƙi ba, sai ya bi ta kanta ya nufi fadar Ɓaunaye yana taku ɗai-ɗai.

Ya yi sallama sau uku kafin Sarki Bangaje ya gano daga inda muryar ke fitowa, wato daga tsakanin kofatansa. Sarki ya sunkuyo ya tambaye shi ko shi wane ne.

"Ranka ya daɗe, ɗan'uwanka ne, Barde Ƙanƙane, daga Ɓaunayen gabas. Fari ne ya same mu shekara bakwai a jere, shi ya sa muka tsaya haka."

Fadawa suka yi ta jinjina kai, wata tsohuwar ɓauna har da ƙwalla. Barde ya bari tausayi ya jiƙa su sosai, sannan ya ce a hanyarsa ta zuwa ya biyo ta bakin gulbi, ya ji abin da bai kamata ya ɓoye wa jininsa ba. Dorinai sun tsorata. Har sun naɗa jakada, yana can tsibiri yana jiran wanda zai roƙa.

To, gaskiyar magana, Sarki Bangaje ya taɓa ganin Magajiya ta yi hamma, kuma tun daga ranar rantsuwar nan tasa take damunsa. Yana son a yi magana, sai dai ba zai yarda a ce shi ya fara aikawa ba. Yanzu da ya ji su suka fara, sai ya buɗe hanci ya ce shi dama ya san za a yi haka, kuma babba ba ya korar mai roƙo. Saura wanda za a aika, ga giginya ba ta ɗaukar kowa. Duk aka juyo aka dubi Barde. Barde ya ce shi baƙo ne, ya gaji, ga ciwon baya, amma tunda abin na dangi ne, to.

Kafin azahar ya koma tsibiri, ya wanke gawayi, ya naɗe wutsiya a ciki ta zama tumbi, ya yi birgima a taɓo har ya yi sumul, ya kifa ganyen bado a ka. Ya gangara bakin ruwa inda Magajiya ke kwance, idanu da kunnuwa kawai a waje. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce sunansa Ɗan Rijiya.

"Mu dorinan rijiya ne, ranki ya daɗe. Wuri ne ya yi mana kaɗan."

"Allah sarki," in ji Magajiya. "Matso in gan ka, ɗan nan. Ko uwarka ma haka take?"

Ya ce ai uwarsa ta fi shi ƙanƙanta, don rijiyarsu ta gado ta fi matsi. Daga nan ya zuba mata irin abin da ya zuba wa Sarki, ya dai juya shi: Ɓaunaye gwiwarsu ta yi sanyi, sun naɗa jakada, yana can yana rawar jiki. Magajiya ma ta taɓa ganin ɓauna ya tunkuyi gawo har gawon ya kwanta, kuma tana da jikoki. Nan take ta naɗa Ɗan Rijiya jakadanta.

Jakadun biyu suka kafa sharaɗi, kowa ya kai wa ƙasarsa: muddin ana tattaunawa, ba mai taka tsibirin, ba mai tsinkar ko ganye ɗaya. Wato rami ya tsira. Sai kuma zancen ciki. Akwai wata tsohuwar al'ada a wannan yanki, cewa in ana sulhu kowace ƙasa ita ke ciyar da jakadan abokiyar gabarta, don kada a ce wanda ya zo magana ya kwana da yunwa a hannunka. Ɗantsito bai manta da wannan al'ada ba. In ka bi ta tawa, da ita ya fara tunani kafin ya tuna da ramin.

Da gari ya waye, Ɓaunaye suka turo ƙorai a bakin giginya, gyaɗa da gujiya da magarya, na jakadan Dorinai. Dorinai suka turo nasu da hanci har kan yashi, rake da gwaza da ƙwallon bado, na jakadan Ɓaunaye. Ɗantsito ya janye su duka cikin ciyawa, ya shimfiɗa ganye, aka buɗe taro.

Ku zo ku ji muhawara. Ya tsaya a gabas ya kumbura murya: "Tsibirin nan namu ne tun kakan kakan Bangaje." Ya yi tsalle ya koma yamma ya shaƙe hanci: "Kakan naka a ruwan wa ya sha?" Ya dawo gabas ya buga ƙafa, ya koma yamma ya yi tsaki. Ɓaunaye a gaɓa suna jin muryar nasu sai su hau kaɗa wutsiya, Dorinai suna jin nasu sai su hau fesa ruwa. Can sai a ji tsit na tsawon lokaci, manya su ce a yi shiru, jakadu suna nazari. Nazarin kuwa gyaɗa ce a dama, rake a hagu.

Kwana uku aka yi a kan wanda zai zauna ta gabas. Aka yi kwana huɗu a kan wanda zai fara gaisuwa. Da aka gama wannan sai aka gano ba a tsayar da ko za a zauna ne ko za a tsaya ba, aka koma farko. Kullum da la'asar Barde Ƙanƙane zai hau giginya ya kai rahoto.

"Na matse shi, ranka ya daɗe, saura ƙiris. Sai dai wani abu ya ba ni kunya. Da ya buɗe ƙwaryar da kuka aiko masa, sai ya leƙa ya tambaye ni wai ko farin namu na gabas ya iso nan."

Sarki ya tashi tsaye, ƙura ta tashi tare da shi. Ya ce gobe a kai zuma, a kai ɗinya, a kai kanya, a ga wanda fari ya kama. Ɗan Rijiya kuma ya gangara ya shaida wa Magajiya cewa jakadan Ɓaunaye ya ɗaga rakenta ya tambaya ko asuwaki ne. Washegari sai ga kankana da dankali da shinkafar fadama, har da wata kabewa da sai da dorina biyu suka turo ta.

In kuma ya ga zukata sun fara sanyi, har wani ya ce a raba tsibirin kawai a huta, sai ya ɗan ƙara gishiri. Ya gaya wa Sarki cewa Magajiya ta ce ƙahonsa kamar ƙotar fartanya da ta sha ruwan sama. Ya gaya wa Magajiya cewa Sarki ya ce kunnuwanta aro ta yi wurin ɓera. Ba ya sa da yawa, don yaƙi ba zai yi masa rana ba, sulhu ma haka. Abin da yake so shi ne a yi ta magana har abada.

Ɗantsito ya yi ƙiba. Wuyansa ya ɓace, kumatu suka sauko, har ya daina naɗe wutsiya don tumbin gaske ya zo. Giginya ta fara lanƙwasa in ya hau. Sarki ya ce iskar tudu ta karɓi Barde, Magajiya ta ce ashe dai rijiyar ce ta cuce su. Shi kuwa in ya ƙoshi sai ya kwanta rigingine a bakin rami yana shafa ciki:

"Ni ne Barde, ni ne Ɗan Rijiya,
in na yi faɗa da kaina ƙasa biyu ba ta barci.
Na ci na tudu, na ci na ruwa,
wanda ya ce a yi sauri bai ɗanɗana ba."

Haka aka yi kwana arba'in. Rani ya shigo sosai, ciyawar tudu ta bushe, ta bakin gulbi ta ƙare. 'Yan maruƙa suka rame, jikokin Magajiya suka fara kukan yunwa, ga ciyawar tsibiri ta yi tsawo har ta fi ƙarfin kallo, ba mai ikon taɓawa. Ruwa kuma kullum sauka yake, saura kaɗan ya kai gwiwar Sarki, kuma rantsuwa tana nan.

Akwai wani tsohon zalɓe da ke tsayawa a bakin gulbi, ƙafa ɗaya a ruwa ɗaya a sama. Ba na tudu ba ne, ba na ruwa ba, shi ya sa kowa ke kiransa in za a raba gado, ana ce masa Malam Zalɓe. Shi ne ya je wurin Sarki, ya je wurin Magajiya, ya ce magana ta isa haka, a ɗauko igiya kamar yadda iyaye suke yi. A miƙe ta daga wannan ƙarshen tsibiri zuwa wancan. Kowane jakada ya kama bakin igiya ɗaya, su taho suna naɗewa, inda suka haɗu nan ne iyaka. A nan za su yi musabaha, ya fasa musu goro ɗaya su raba, a kafa turke. Sarki ya yarda, Magajiya ta yarda, don duk sun gaji.

Da labari ya iso wa Ɗantsito, sai ya ga ta kwaɓe. Igiya baki biyu gare ta, shi kuwa shi kaɗai ne. Barde ya ruga ya ce Ɗan Rijiya na fama da mura, kada a matsa masa, Sarki ya ce mura ba ta hana riƙe igiya. Ɗan Rijiya ya ruga ya ce an ga wata a karkace, ba a raba ƙasa a irin wannan wata, Magajiya ta ce ita ta ga watan, lafiyarsa ƙalau. Da ya ga ba mafita, sai ya nemi abu uku, aka ba shi: a jira kwana uku, kada kowa ya hau tsibirin sai an haɗu, sannan jakadu su riƙa tafiya bi da bi, wannan taku goma wancan taku goma, don kada a ce wani ya fi wani ɗoki.

Kwana ukun nan Ɗantsito ya yi aikin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ya haƙa hanya ta ƙarƙashin ƙasa daga wannan ƙarshen tsibiri zuwa wancan, ya huda mafita a kowane taku goma. Ya sami sanduna biyu, ya kifa wa ɗaya hular ƙaya, ɗaya hular bado, yadda daga gaɓa ba abin da za a gani sai huluna suna tafe a saman ciyawa. Dabararsa ita ce in an zo takun ƙarshe, jakadu su kaure da gardama a kan wanda zai fara miƙa hannu, taro ya watse, a koma zaman tattaunawa. Ramuka biyu na tsakiya su ya haƙa a ƙarshe, a gajiye, suka fito matsattsu, ya ce ai haka ma ya isa. Tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba.

Da gari ya waye, ƙasashen biyu suka aiko da walimar sallama, kowa na son a ce nasa ya fi. Zuma a ƙwarya, gyaɗa soyayya, kankana mai sanyi, dankali gasasshe. Mai hankali zai ajiye sai an gama aiki, kuma Ɗantsito ya yi niyyar haka, wallahi ya yi niyya. Ya ce bari ya ɗanɗana zumar kawai don ya sami ƙarfin gudu. Sai ya ga in ya ci na tudu ya bar na ruwa ya nuna bambanci, kuma jakada ba ya nuna bambanci. Kafin hantsi ba abin da ya rage sai ƙorai.

Ɓaunaye suka cika gaɓa, Dorinai suka jeru a ruwa. Malam Zalɓe ya tashi da igiya a baki ya miƙe ta, ya koma gefe ya tsaya a kan wani dutse, ya kira jakadan tudu.

Hular ƙaya ta motsa a saman ciyawa, taku goma, ta tsaya. Murya mai kauri ta ce, "Tudu ya taka." Ɓaunaye suka yi guɗa irin tasu. Malam Zalɓe ya kira jakadan ruwa. Aka ɗan jira, don jakadan ruwa yana can ƙarƙashin ƙasa yana gudu da cikin da ya fi ƙarfinsa. Can sai hular bado ta motsa, murya ta hanci ta ce, "Ruwa ya taka," tana haki. Magajiya ta ce kai, yaron nan ya ɗauki aikin nan da zafi.

Haka aka yi ta yi. Ya kafa sanda, ya faɗa rami, ya ruga, ya fito, ya cire sanda, ya naɗe igiya, ya taka, ya kafa, ya faɗa rami. Zuma na hawa tana sauka a maƙogwaronsa, kankana na kaɗawa a ciki kamar ruwa a tulu. Amma da yake hulunan suna matsowa kusa, gudun na raguwa, har ya fara jin daɗi. Ya ce a ransa wa ya isa, igiya ma ta san da wanda take yi.

Aka zo takun ƙarshe. Ya kafa sandar bado a bakin raminta, ya ce "Ruwa ya iso," ya tsunduma da ka don ya ɓullo ta ɗayan ya tayar da gardama. Kai ya wuce, kafaɗu suka wuce, kai ya ɓullo ta wancan ramin. Ciki ya ce shi nan ya tsaya. Ya yunƙura gaba, ya yunƙura baya, ya shaƙe numfashi, ko motsi. A garin mutsu-mutsu sandunan suka faɗi, hular ƙaya ta faɗo masa a ka, hular bado ta faɗa a kan wutsiyarsa da ke waje ta ɗaya ramin.

Malam Zalɓe ya ga hulunan sun haɗu, ya taso da goro a baki ya sauka. Ya ajiye goro, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya daɗe yana dubawa. Ya gai da Barde, Barde ya amsa da fara'a, gumi na zuba. Ya gai da Ɗan Rijiya, shiru. Barde ya ce a yi masa uzuri, ya sunkuya ne yana addu'ar a gama lafiya. Malam Zalɓe ya ce madalla, bari ya taɓa shi ya tashi. Ya sa dogon bakin nan nasa ya tsunkuli jakadan Dorinai, sai jakadan Ɓaunaye ya ƙwalla ƙara.

Malam Zalɓe ya sake tsunkula don ya tabbatar. Barde ya sake ƙara.

"Malam, kada ka yi mamaki," in ji Ɗantsito, hawaye na bin kumatu. "Kwana arba'in muna zaune tare. Tsabar fahimtar juna ce, in an taɓa shi ni nake ji."

Malam Zalɓe ya ja da baya. Ya ɗaga wuya ya kira Sarki da Magajiya, ya ce su zo da kansu, akwai abin da ba ya faɗuwa sai an gani. Sarki ya tsoma ƙafa, ruwa iya gwiwa, ya haye. Magajiya ta fito tana ɗiga. Suka tsaya a kan Ɗantsito, ɗaya ta kai ɗaya ta wutsiya, kuma tun da aka kafa ƙasashen nan biyu ba a taɓa ganin shugabanninsu kusa da juna haka ba. Sarki ya hure hular ƙaya, Magajiya ta ture ta bado. Kurege ne ɗaya tal, mai ƙiba, ya toshe rami.

Kunya ta kama su duka biyu, kuma manya in sun ji kunya faɗa suke nema. Sarki ya ce ko ma dai mene ne, Magajiya ba ta da hujjar cewa ƙahonsa ƙotar fartanya ce. Magajiya ta ce ita ba ta taɓa faɗa ba, shi ne dai ya ce ta ari kunnen ɓera. Sarki ya ce shi bai ma taɓa lura tana da kunne ba. Suka dubi ƙasa tare. Ɗantsito ya yi musu murmushi.

Amma tsibiri na nan, yunwa na nan, ga runduna biyu sun matso. Sarki ya sunkuyar da ƙaho ya ce rabi ba zai ishi maruƙansa ba. Magajiya ta buɗe baki har aka ga haƙoran nan, ta ce nata jikokin fa, ita ba mulki take nema ba, so take in rana ta faɗi su fito su ci su koma ruwa kafin zafi.

Sarki ya ɗago kai. "In rana ta faɗi?"

"To da yaushe? Wa zai fito kiwo da rana, fatarsa ta tsage?"

"Mu in rana ta faɗi muna gida muna tuƙa. Wa zai yi kiwo a duhu, zaki na yawo?"

Suka tsaya suna kallon juna. Malam Zalɓe ya fara naɗe igiyarsa a hankali, don ya ga ba za a buƙace ta ba. Sai Magajiya ta fashe da dariya, irin dariyar da ke girgiza yashi, Sarki ya yi ƙoƙarin daurewa ya kasa. Wata biyu ana wasa ƙaho da haƙori a kan ciyawar da ba a taɓa nemanta lokaci ɗaya ba. Da dariya ta lafa, Sarki ya tambayi Ɗantsito ko ya san da haka.

"Ranka ya daɗe, a nan nake kwana, a nan nake tashi, ya za a yi in rasa sani? Ina nan ina shirin kawo maganar. Irin wannan ba a gaggawa da ita."

Sarki ya ɗaga kofato. Ɗantsito ya yi maza ya tuna musu cewa ba a kashe jakada, balle shi da yake jakada har biyu. Malam Zalɓe ya ce wannan gaskiya ne, al'ada ce, amma kuma al'ada ta ce in aiki ya ƙare a mayar da jakada ƙasarsa. Magajiya ta ce ba nata ba ne. Sarki ya ce shi ma ba nasa ba ne. Aka yi shawara ta ɗan lokaci, aka ga tunda ba na kowa ba ne, sai a aika shi inda ba na kowa ba.

Nan take aka ƙulla yarjejeniya, Malam Zalɓe ya fasa goro, Sarki ya ci rabi Magajiya ta ci rabi. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta tsibiri na Ɓaunaye ne, daga faɗuwarta zuwa fitowarta na Dorinai. In wata magana ta taso, shugabanni su zo da bakinsu. Sharaɗin da aka fi saurin amincewa da shi kuwa, ko tari ba wanda ya yi, shi ne kada a ƙara ganin kurege a tsibirin, dare ko rana.

Magajiya ta kama wutsiya da leɓe ta ja. Ɗantsito ya fito fit, rabin gashin wutsiyar ya zauna a bakinta. Sarki ya sa ƙaho a ƙarƙashinsa ya yi masa rakiya. Ya tashi sama, ya wuce tsibiri, ya wuce ɗaya reshen gulbin, yana juyi yana hango maruƙa sun riga sun dulmuya cikin ciyawa, ya sauka a cikin sarƙaƙiya a can gaɓar da ba ta kowa ba.

Ya fito da ƙyar, ƙaya a ko'ina, ido ɗaya a kumbure, wutsiya kamar tsohuwar tsintsiya. Ya hango inda raminsa yake, wani ƙaton ɓauna na tsaye a kai yana tuƙa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ramin nan shi kaɗai ya taɓa mallaka, kuma da hannunsa ya haƙa shi. Ya ja hanci sau biyu. Sannan ya hau wani dutse, ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda za a ji a tsibiri.

"Ba komai, ba sai kun yi godiya ba. Amma ku gaya wa jikokinku, tun da aka halicci tudu da ruwa ba ku taɓa haɗa baki a kan komai ba sai a kaina."

Sarki Bangaje ya juyo ya tsoma ƙafa ɗaya a ruwa. Ɗantsito bai jira ta biyun ba. Ya diro daga dutse ya ranta a na kare, yana ɗingishi, tumbi na gaba yana binsa, yana waiwaye yana kirari har muryarsa ta ɓace a daji:

"Ni ne Ɗantsito mai sulhunta manya,
sun ci ciyawa, ni na ci zuma.
A tambayi tudu, a tambayi ruwa,
wa ya ƙoshi kwana arba'in?"

Nan ta tsaya, ƙurunƙus, a kan wutsiyar da ba gashi.